Ranar da Muka Ɗauke Uwar Sarewa

A jirgin ƙasa ta zo, in ji kakata Sarai,
daga tasha kuma jakuna bakwai,
na takwas ya ƙi kaya, ya kwanta a rairayi.
Baturiyar da ta kawo ta ba ta ga kaka uku ba.
Kabarinta na bayan majami'a, gindin aduwa,
sunan ya goge, abin da ta kawo ya zauna.

Ogan, haka aka rubuta a takarda.
Mu dai Uwar Sarewa muke ce mata.
Bututu ɗari da 'yan kai,
babban ya fi Jatau tsayi,
autan bai wuce tsinken tsire ba.

Ni ban taɓa danna haƙoranta ba.
Aikina a baya yake, inda ido ba ya zuwa,
ina ɗura mata iska da sanda
shekara talatin da huɗu.
Malam Habila na gaba yana shan yabo,
ni ina baya ina sharce gumi.

Da huhunta ya tsage,
Ɗan'azumi maƙeri ya zo bayan ya yi la'asar,
ya tuɓe takalmi a ƙofa, ba wanda ya ce ya tuɓe,
ya leƙa ciki, ya tuntsire da dariya:
"Ashe zugazugi ne! Wuta kawai ta rasa."
Ya ɗinke da fatar akuya, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Akwai murya guda da ta mutu tun ina yaro.
In an danna, sai huci.
Muka saba.
In waƙa ta iso wurin
sai mata su ɗaga murya su cike gurbin,
kamar mai giɓi da ta koyi dariya da gefen baki.
'Ya'yanmu sun ɗauka haka aka tsara waƙar.

Sai kogi ya fara cin gaɓa.
Bara waccan ya ci gonar Barmo,
bara ya ci aduwa da wadda ke kwance gindinta,
bana ya zo bakin taga ya tsaya yana sauraro.

Ranar Talata muka kwance ta.
Tabita ta bi kowane bututu da lambar gawayi,
aka naɗe su a zana kamar rake.
Amalanken shanu biyu, ɗaya aron jikan Ɗan'azumi.
A cikinta muka tarar da kashin jemage,
da anini mai huji,
da wasiƙa zuwa ga Rifkatu, ba sunan mai aikowa.
Rifkatu mai jika tara ta karɓe,
ta soke a zani, ba ta ce uffan ba.

Mil shida zuwa Tudun Gawo, rami da gargada.
Habila ya ƙi hawa,
yana tafe a ƙasa, hannu bisa kaya,
ko rakiyar gawa ce ko ta amarya,
shi ma bai sani ba.

Sabon ɗakin bulo ne da kwano, yana warin siminti.
Kwana tara ana haɗa ta.
Gawayi ya goge a jikin uku, aka sha musu.

Ran Lahadi na koma bayanta, na kama sandata.
Waƙa ta tafi, ta tafi, ta iso wurin nan,
mata suka ja numfashi za su cike,
sai ga muryar.
Siririya, tas, kamar ba ta je ko'ina ba.
Waƙa ta watse.
Habila ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Daga baya na gani cikin zanar da aka yar:
gidan zanzaro ne, ɗan curin laka,
gargadar hanya ta kakkaɓo shi.
Lakar tsohon gari ce, ta bakin kogi.
Na sa a aljihu, yana nan.

Har yau in an iso wurin
tsofaffin mata sai sun ɗaga murya,
su da ita,
ba mai bar wa wata.